Kututturen Gawo Biyu

Juma'a, 4 ga Zulƙida, bayan la'asar

Bismillahi. Ni ne Hashimu na Tungar Bawa. Da baƙin allo nake wanga rubutu, don ban shiga boko ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Matata Zulai ta ce kunnenta ya gaji da zancen turba, in nemi wani in gaya mishi. To ga takarda, ita ba ta tsaki.

Da munka dawo Juma'a daga Jiga Birni na tare mutane gindin itacen bedi, na ce ba mai shiga gida sai ya ji ni. Turbar da ta tashi bayan garinmu ta tahi Rugar Tamu ta kusa mutuwa. Tun sanyi ba ƙafar da ta taka ta. Ƙaya ta rufe ta, kwazazzabo ya ci gefenta, masu gonaki kuwa kowa ya zuba mata ido. Na san halinmu. Ruwan fari na sauka, wanga ya ƙara kuyyar noma guda, wancan ya ƙara biyu, kafin gero ya kai gwiwa babu turba. Abin da anka shuka kuwa ba mai tuge shi.

Na tuna musu yadda ake yi tun kakanni. Kowace bazara mu kama daga namu bakin, Hillani su kama daga nasu, a gamu gindin gawo. Mu zo da hura, su zo da nono. Waɗanda anka riga isa, babbansu shi ke durƙusawa ya dama, ana yi mishi dariya. Tamu, babban Hillanin, ya dama min sau da yawa. Ni ma na taɓa dama mishi, amma shekarar ina ciwon ƙafa.

Sai Sharif mai amalanke ya ce, "Baba, su za su fito?"

Na ce, "Da jakinka nake magana ko da kai? In jakin zai zo, kai zauna."

Anka yi dariya. Hannuwa sunka tashi. Ba su da yawa, amma sun tashi!

Ɗiyata Kubura na can, tana auren Ya'ƙub ɗan Tamu. Ban faɗi wannan wurin taro ba. Kowa ya sani.

Maganar rikicinmu da su a fadama ba za ta shiga takardar nan ba.

Asabar, da hantsi

Na ba wani mai sayen fata goron gayya ya kai wa Tamu, tunda shi ta hanyar mota yake zagayawa. Ban haɗa da magana ba. Tamu ya san abin da goro ke nufi a bazara.

Lahadi, bayan azahar

An fara! Wayyo daɗi! Tun rana ba ta fito ba na ji ƙarar amalanken Sharif. Jibrin makaɗi ya ɗauko gangar noma da ta daɗe rataye, ɓera ya ci igiyarta, ya ɗaure da tsumma. Da ya buga sai na ji gwiwata ta manta shekarunta. Na karɓe adda hannun wani na sare sarƙaƙiyar farko da kaina.

Ni ke gaba, ina nuna musu inda turba take, don ƙasa ta shafe ta ƙaf. Ina tahiya ina kiran sunayen wurare. Ga Makwantar Jaki, inda jakin kakana ya kwanta da kayan gishiri ya ƙi tashi har anka sauke mishi. Ga Tsayawar Amarya, inda ake tsayawa da amare su gama kuka kafin a shiga gari. Samarin nan sun girma suna bin wuraren, ba su san suna da suna ba. Jibrin ya sa sunayen cikin kiɗa, kowa na amsawa.

Sharif ya ce, "Baba, anya ba yanzu kake ƙirƙiro su ba?"

Na ce, "Kai ma da sunanka wurin. Can gaba akwai Faɗuwar Wawa."

Ɗana Almu bai zo ba. Yana wurin rudun da yake ajiyar albasa, wai yana tsince ruɓaɓɓu. Kullum tsince ruɓaɓɓu. Albasar nan da tana da baki da ta ce ya ƙyale ta.

Talata, da yamma

Goro bai dawo ba. Amsa ma ba ta zo ba. Zulai ta ce shiru ma magana ce. Na ce goron da bai dawo ba an ci shi ne.

Laraba, bayan la'asar

Yau ranar dasa aguwa, itacen shinge. Mun saro ta tun shekaranjiya, mun bar ta inuwa ta zubar da nononta, don ɗanya shakaf in ka dasa ruɓewa take. Samari sun so su jira ruwa. Na ce aguwa ba gero ba ce, cikin busasshiyar ƙasa take son a sa ta, ta yi ta haƙuri, ruwa ya iske ta tsaye. Dabba ba ta cin ta, mai galma kuwa in ya zo kanta dole ya juya. Ita ce shaidar turba.

Mun jera ta dama da hagu, faɗin da jaki mai mangala zai wuce mace mai ƙwarya ba ta sauka ba. Jibrin ya sosa ido da hannun da ya taɓa nonon, ya yi ta tsalle yana salati, ganga na rawa bayansa. Na yi dariya har haƙarƙarina ya riƙe. Rabon da in yi irin wagga dariya tun kafin. To. Tun kafin.

Juma'a, da safe

Ƙotar kalmen noman Almu na jingine bayan rumbu, sabuwa, fara tas. Ni na sassaƙa mishi ita cikin sanyi. Ban tambaye shi inda tsohuwar ta karye ba. Har yau bai yi aiki da sabuwar ba.

Asabar, da azahar

Hayaƙi! Hayaƙi daga gabas!

Muna cike kwazazzabo da buhunan yashi, Sharif na kawo marmara, sai na ɗaga kai. Siriri, fari, daidai saitin ruga. Wani ya ce mata ne ke ƙona shara. Na ce shara ba ta irin wanga hayaƙi, wannan ƙaya ce anka tara anka cinna. Da iska ta juyo sai munka ji gatari, ƙwas, ƙwas, nesa. Sun fito! Tsohon banza ya ci gorona ya fito!

Na ce, "Jibrin, buga! Buga su ji!"

Ya buga har tsumman ya tsinke. Ba wanda ya tahi hutun rana. Kwazazzabon da na ce zai ci mu kwanaki mun rufe bakinsa kafin magariba, mun dasa gamba samansa ta riƙe ƙasa. Yanzu ba maganar gyara ba ce, tsere ne. Wallahi Tamu sai ya durƙusa. Na dawo gida na ce wa Zulai ta fara surfen gero.

Ta ce, "Malam, ka ga mutum ko hayaƙi ka gani?"

Na ce, "Hayaƙi na tashi da kansa?"

Ta juya baya tana gyaran murhu da bai lalace ba. Na ga tana shafa ido da gefen zane.

Lahadi, bayan magariba

Mutane sun ƙaru. Har waɗanda sunka ce ba ruwansu. Ɗayansu shi ya fi kowa ihu ran nan a fadama, yau shi ya fi kowa ɗaukar ƙaya.

Litinin

Zafi. Gajimare ya taru kudu ya watse. Allah Ka ɗan jinkirta mana.

Ban taɓa roƙon a jinkirta ruwa ba tunda nake. Astagfirullah.

Laraba, da hantsi

Mai sayen fata ya biyo. Ya ce ya ga Ya'ƙub wurin masu ɗori a Aliero, an kwance mishi karan. Hannun da anka karya mishi a fadama ya kama, sai dai yatsun ba su rufe sanda tukuna. Ya ce Kubura ta yi nauyi.

Ban san ta yi nauyi ba.

Almu na zaure lokacin. Ya tashi ya tahi wurin albasa.

Alhamis, bayan la'asar

Mun kusa. Gawon gamo dai babu shi, masu gawayi sun sare shi bara, Allah Ya isa. Amma kututturensa na nan, na san shi kamar yadda na san tabon ƙafata. Yana bakin gonar Almu ta yamma, ga shurin gara gefensa.

Sharif ya hau amalanke ya hanga, ya ce, "Baba, akwai wani kututturen can ƙetaren gonar, ta gabas, arewa kaɗan. Kamar can Hillani sunka nufa."

Na ce, "Wancan ƙanensa ne. Ba a taɓa shan hura gindinsa ba."

"Ka tabbata?"

"Ran da anka fara kawo ni gindin gawon nan, ubanka bai san wando ba."

Gobe Juma'a a huta. Asabar mu isa. Mata na daka, gari duk ƙamshin citta da kanumfari. Na sa an wanke min babbar riga. Na ɗauko ludayin da zan miƙa wa Tamu, na zaɓi mai gajeren hannu don ya sunkuya sosai.

Asabar, 19 ga wata, bayan magariba

Dole in rubuta wannan.

Mun isa kututture da hantsi. Ba kowa! Munka yi kabbara, Jibrin ya buga, na hau kututture na zauna da babbar rigata, mata sunka sauke ƙoren hura. Muna cikin murna sai munka ji wata kabbarar. Na waiwaya. Can ƙetaren gonar Almu, kan ɗaya kututturen, ga wani tsoho zaune da malfa, ƙoren nono jere gabansa, mutanensa na tafi.

Turbarsu ta zo tsaf, da aguwarta da komai, aiki mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ta ƙare ga nasu kututturen. Tamu kuwa ya zauna kai kamar wanda anka naɗa. Turbarmu ta ƙare ga nawa. Tsakani gonar Almu, an share ta, an zuba taki, tana jiran ruwa. Jifa da dutse mai kyau zai kai.

Na miƙe na ɗaga murya. "Tamu! Tsufa ya ci idonka? Ga gawo nan!"

Ya ce, "Kaɗo, wannan da kake zaune kansa turken jakai ne! Taho ka dama, nono na tsami!"

"Gindin wanga na kayar da kai kokawa!"

"Gindin wanga ne, kuma ni na kayar da kai! Har yau akwai ramin da kanka ya yi!"

Dariya ta tashi ɓangare biyu. Wata nawa ban ji muryar nan ba. Ta ƙara shaƙewa, haƙoransa sun ƙara zubewa, ana jin iska cikin maganar. Da na bi ta zuciyata da na ruga na rungume shi. Amma wanda ya ƙetara shi ya yarda an riga shi, kuma shi ya yarda ya ɓata turba. Ban ɓata ba.

Sharif ya ce, "Baba, mu ja igiya daga nan zuwa can mu haɗe, aikin rabin wuni ne."

Sai wani daga cikinsu ya ce, ba da ƙarfi ba, amma iska ta kawo, "Gonar wa za a ratsa?"

Dariya ta mutu. Kowa ya san gonar wa. Na hango Ya'ƙub, dogo, tsaye bayan Tamu, hannunsa na dama cikin riga. Bai dubi wajenmu ba. Ƙasa yake dubawa, ƙasar gonar.

Ba mai taka gonar mutum da gatari ba da bakinsa ba. Su kuma ba za su roƙa ba. Ba wannan gonar ba.

Munka zauna. Sunka zauna. Rana ta take. Hura ta bushe ta tsattsage, ƙudaje sunka samu biki. Da la'asar sunka ɗauki ƙorensu, munka ɗauki namu. Ban ga Kubura cikin matan ba. Ludayin na aljihuna har yanzu.

Lahadi

Kututturena ne na gaskiya.

Litinin, da yamma

Zulai ta ce, "Kai da Tamu kun tara mutane kun yi wa gari turba biyu, ba wadda ke zuwa ko'ina."

Na ce tawa na zuwa gawo. Ta ce gawon ma babu shi.

Ta ce in yi wa Almu magana. Gonar ni na ba shi da ya yi aure, in na ce a ratsa ba zai musa ba. Na sani. Shi ya sa ba zan ce ba. In da bakina anka ratsa, Ya'ƙub ba zai taka ta ba, zai ce tsoho ne ya tilasta. Na san jininsu. Ni ma da ni ne haka zan ce.

Laraba, bayan azahar

Na koma ni kaɗai na duba. Shurin gara na nan. Amma na hango wancan ma akwai shuri gefensa. Gara ba ta da amana.

Aguwarmu ta tsaya ƙyam, ba wadda ta faɗi. Na bi turbar daga gari har ƙarshe, santsi, faɗi, ko makaho ya bi ta. Aiki ne na a nuna wa baƙo. Sai ta kai ka bakin gona ta tsaya kamar wanda anka kira sunansa.

Alhamis, da safe

Muna karyawa na ce wa bango, ba Almu ba, "Ana ta haramar shuka."

Almu ya ce wa kwano, "Na gyara sungumi."

Shi ke nan zancenmu.

Asabar, bayan la'asar

Ya sauka. Tun azahar gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe dannin rumbu, sannan ya zubo kamar da ƙwarya. Yara na tsalle tsirara, mata na tara tukwane, ƙamshin ƙasa har cikin ƙirji. Na fita na tsaya cikinsa ban sani ba, ina dariya. Ruwa ne, dole ka yi murna. Na tona da yatsa, jiƙa ta wuce tsawon hannu. Gobe kowa shuka.

Sai na tuna, na koma ɗaki.

Lahadi, da hantsi

Almu ya fita tun asuba da sungumi da ƙoƙon iri. Ya ɗauki kalmen nan ma, mai sabuwar ƙota. Ba zan je ba. Ƙafata na ciwo.

Lahadi, da azahar

Ba zan je ba.

Lahadi, bayan magariba

Na je.

Kwazazzabo ya riƙe! Buhu ko ɗaya bai motsa ba, ruwa ya bi inda munka ce ya bi. Wannan na fara gani, na tsaya ina ta duba shi, don ƙafata ba ta son ƙarasawa.

Gonar an shuke ta, layi layi, sawun diddige kan kowane rami. Amma daga gindin kututturena wani fili ya tashi, ba rami ko ɗaya, ya ratsa tsakiyar gonar a karkace, ta inda takin ya fi yawa, ya tahi ya dafa kututturen Tamu. An ja mishi iyaka da kalme dama da hagu. Na auna da ƙafa. Jaki mai mangala zai wuce mace mai ƙwarya. Yaron da bai zo gayya ko sau ɗaya ba, ina ya ji faɗin?

Na zauna kan kututture har rana ta faɗi. Da na dawo yana wanke ƙafa. Na ce, "Sannu da aiki." Ya ce, "Yauwa, Baba." Zulai ta sa mishi man shanu a tuwo fiye da nawa.

Litinin, da yamma

Na kira Sharif mu kai sauran aguwar mu dasa gefen sabon wurin, ko da ƙasa ta jiƙa. Mun iske an riga mu. Gefen arewa duk an dasa, daga wancan kututture har wanga. Sai dai kowace ta karkata gefe guda, kamar wanda ya tura ta da hannun hagu.

Sharif ya ce, "Baba, mu miƙe su?"

Na ce, "Taɓa guda in karya maka amalanke."

Munka dasa gefen kudu. Na karkata tawa ni ma, don su yi daidai.

Talata, 29 ga wata, bayan azahar

Da hantsi ina zaure na ji Zulai ta yi salati ta saki taɓarya. Kubura ce ƙofar gida, ƙwarya a ka, cikin ya fito, laka har idon sawu. Bayanta tsoho mai malfa, yana dogara sanda, yana duba garinmu kamar zai saya.

Ta durƙusa da ƙyar. "Baba, ina kwana." Na ce ta tashi, ta tashi, wa ya ce ta ɗauko kaya. Uwarta ta ja ta ciki.

Tamu ya zauna kan tabarmata ba a ce mishi zauna ba. Ya ce, "Kaɗo, na ga ɗanka ya fi ka hankali. Ya gane kuskurenka, ya ja turba zuwa gawo."

Na ce, "Daga gawo ya ja ta, don ɓatattu su samu hanya."

"Kawo ludayi ka dama."

"Ga ludayi, kai za ka dama."

Na ajiye shi tsakaninmu. Anka kawo hura, ga nono. Muna ta yi, har Jibrin da Sharif sun leƙo suna zuga mu. Sai Almu ya fito. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Tamu ya gaishe shi, kansa ƙasa. Tamu ya dube shi. Sannan ya ce, "Lahiya lau, Almu. Ya shuka?"

Almu ya ɗauki ludayin. Gajeren hannun nan ya sa shi sunkuyawa har goshinsa ya kusa taɓa ƙwarya. Ba wanda ya yi dariya. Ya dama, ya miƙa wa Tamu, ya miƙa min. Ta yi tsami kaɗan. Na sha biyu.

Ya'ƙub bai zo ba. Tamu ya ce yana wurin shanu. Ban ce da wane hannu ba.

Da munka gama, Almu ya zuba sauran a ƙaramar ƙwarya ya rufe da faifai, ya sa takalmi. Bai ce ina za shi ba, ban tambaya ba. Na dai fito bayan gari na hau tudun Makwantar Jaki, Tamu na bina yana haki, muna kallon farar rigarsa tsakanin aguwa, tana ƙanƙancewa, har ta kai kututture ta wuce, ba ta tsaya ba.

Nawa kututturen. Na gaskiya.